Azurfar da Ba Ta Ƙyalli

Tun da na dawo daga Tamale ban huta ba. In na fito bakin titi zan tsayar da ɗan acaba, sai wata ta riƙe mini gefen mayafi: "Hajara, ina labari? Ina tsaraba?" In na je gidan suna, ba a barina in ci tuwo da zafinsa. Duk laifin maƙwabciyata Maman Sadiƙ ne. Ita ta baza a Gyaɗi-Gyaɗi cewa wai na tafi Gana ɗebo azurfa, har wasu suka auna wuyan hannunsu da zare suka aiko mini gida kafin in tashi. Zarurrukan suna nan cikin kwabata, ban zubar ba. To, ga labarin na rubuta gaba ɗaya, kowa ta karanta ta bar ni in sarara. Zancen awarwaro kuwa, ku yi haƙuri sai mun kai ƙarshe.

Ga wadda ba ta san ni ba, ina aiki ne a ɗakin gwaje-gwaje na wani ƙaramin asibiti a Tarauni. Aikina duba jini da fitsari da bayan gida, ku gafarce ni, a ƙarƙashin madubin likita. Na daɗe ina kallon ƙwayoyin cuta ido da ido har na san su kamar maƙwabta. Kullum ni ce mai yi wa iyaye mata faɗa a kan ruwan sha. Sai ga shi mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. 'Yata Ummi, mai shekara uku, damina biyu a jere ana kwantar da ita da gudawa da amai. A kwanciyar ƙarshe aka nemi jijiya a hannunta aka rasa, sai a ka aka sa mata ƙarin ruwa. Da aka sallame mu likita ya ja ni gefe ya ce, "Hajara, yarinyar nan ba ta da jikin ɗaukar na uku." Wannan magana ita ta hana ni sukuni.

Kuma na san inda cutar take. In na tafi aiki, Ummi a wurin mahaifiyata take wuni, don takwararta ce, ba ta yarda ƙuda ya sauka a kanta. Inna tana sayen ruwa a wurin 'yan garuwa ta juye cikin randar da ta gada wurin uwarta, su sha da moɗa ɗaya ita da takwara. Na ce a riƙa tafasawa, ta ce ruwan da aka dafa gawa ne, ba ya kashe ƙishirwa. Na kawo maganin ɗigawa, ta shinshina ta ce ita ba za ta mai da randar Iya asibiti ba. Na kai ruwan Ummi daban cikin gora, na dawo na tarar an yi alwala da shi.

Ana haka sai wata ƙungiya mai kula da ruwan sha ta aiko wa asibitinmu takarda, tana gayyatar mutum ɗaya ya je Tamale ya koyi yin tukunyar tace ruwa da ake shafa wa azurfar nano. Na yi caraf na ce ni. Baban Ummi yana tsakiyar duba takardun jarrabawar ɗalibansa, ba halin rakiya. Inna ta ce mace ba ta ƙetare ƙasa uku ba muharrami, ta aika aka kira ƙaninta, Kawu Sule.

Kawu maƙerin farfaru ne, shekara arba'in yana ƙera zobe da awarwaro da 'yan kunne. Da farko ya ce gwiwa ba ta barinsa tafiya. Da ya ji kalmar azurfa sai gwiwa ta warke nan take.

"Azurfar me kika ce?"

"Nano, Kawu."

"Nono? Na shanu ko na me?"

"Nano. Wato ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu."

Ya dube ni da tausayi ya ce, "Boko dai ya cuce ki, 'yar nan. Azurfar da ido ba ya gani, ai sunanta babu." Duk da haka ranar tafiya ya zo da tsohuwar jakarsa ta fata, ciki da ma'auni da magagari da hantsaki da ɗan bututun da yake hura wuta da shi. Wai kada mutanen Gana su ga mace su sayar mata da dalma.

Muka hau Fijo zuwa Katsina, daga nan Jibiya. Kun dai san tun da soja suka koma bariki kowane fasinja sanata ne. Tun daga Bichi ake gardamar siyasa har muka sauka, wani mai sayar da taki ya rusa majalisa ya sake ginawa sau biyu. Direban kuwa duk inda ya ga mutum a bakin hanya sai ya taka birki. Da na ce masa, "Malam, mu huɗu ne fa a kujerar uku," sai ya ce, "Hajiya, mulkin farar hula ake yi, shi ma yana da 'yancin tafiya." Haka na isa iyaka ƙafata ɗaya ta mutu murus.

A iyakar Nijar aka nemi katin rigakafi. Na miƙa nawa. Kawu ya lalube aljihun gaba, ya lalube na gefe, can sai ya zaro ƙunshin goronsa ya kwance. Ashe da katin ya naɗe goron, wai takardar tana da kauri, tana riƙe sanyi. Katin da yake rawaya ya koma ja. Jami'in ya ɗaga shi sama yana neman hatimi, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Baba, wanga goro ya samu rigakahi, saura kai." Allah ya taimake mu hatimin ya fito ta gefe. Kawu ya ba shi goro ɗaya, suka rabu suna abokai.

Mutanen Maraɗi 'yan'uwanmu ne, sai dai ba su san gaggawa ba, kuma mu suke yi wa dariya wai Bakano ko sallama a guje yake yi. Abin da ya raba su da Kawu burodi ne. Dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa kuwa sai mai haƙoran gaske. Kawu ya ƙwanƙwasa shi a jikin mota ya ji ƙara, ya tambayi mai shayin ko da gatari ake ci. A Yamai muka kwana gidan wata Bazabarma mai saukar da fatake. Ta ba mu kwaɗon zogale da suke kira kopto, ni dai na ci har na nemi ƙari. Na lura da randarta, na lura da inda take ɗebo ruwan. Cutar aikina ke nan, ba na iya shiga gidan mutane in bar randarsu ta huta.

Wagadugu kuwa garin mata ne a kan babur. Ba 'yan mata kaɗai ba, har tsofaffi sa'o'in Inna, da goyo a baya da kwandon tumatir a gaba, suna sharara gudu ba ruwansu. Kawu ya tsaya tsakiyar titi yana salati, wata dattijuwa ta danna masa oda ta zagaye shi tana masa faɗa da yarensu. Ya ce, "Yau na ga tashin duniya." Ni kuwa, in faɗa muku gaskiya, sha'awa suka ba ni. Na tuna yadda nake tsayuwa a rana a Tarauni ina roƙon ɗan acaba ya rage mini gudu.

Kwana uku muka yi a hanya kafin mu shiga Tamale. Abin da ya fara ɗaure mini kai gaisuwarsu. Ƙarami zai durƙusa gaban babba, duk abin da aka ce masa sai ya amsa da "Naa, naa." Kawu ya ji daɗin wannan ƙwarai, ya ce a nan ne tarbiyya ta zo ta ɓuya. Sai kuma Hausarsu ta Zango, wadda ba ta san mace ba. Mai masaukinmu ya leƙa cikin gida ya ce wa matarsa, "Baƙuwa ya zo, ya gaji, a ba shi ruwa." Na waiwaya ina neman wanda ake nufi. Kawu ya ce, "To, tun da sun mai da ke namiji, muharramcin me nake yi? Bari in koma gida."

Abinci ma duk namu ne aka sauya masa riga. Akwai koko da ƙosai, sunansu ke nan har can. Akwai tuwon da suke kira tuwon zafi, mai laushi, da miyar ayoyo. Akwai shinkafa da wake da suke cewa wace, a dafa ta ja, a ɗora mata taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai da wani baƙin yaji mai kifi. Ranar farko na ɗauka yajin nan miya ce na zuba cokali biyu. Ban iya gaisawa da kowa ba sai bayan azahar.

Mai koyar da mu sunanta Madam Afishetu, gajeriya, mai ƙarar murya, ta karanci ilmin haɗa magunguna, kuma tana jin Hausar Zango. Mu goma sha biyu ne daga ƙasashe daban-daban, sai Kawu na sha uku, wanda ba a gayyata ba amma ya samu benci a baya ya kafa zama. Wurin ba wani abin kallo ba ne, rumfa ce da mata masu ginin tukwane. Ana kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayin shinkafa, a matse shi ya fito kamar tukunyar shuka fure, a gasa. Wuta ta cinye ƙaiƙayin ta bar ƙofofi ƙanana da ruwa zai riƙa tsatsafowa ta ciki, datti da yawancin ƙwayoyin cuta su maƙale. Waɗanda suka kuɓuce kuma, azurfa ke jiransu.

Kawu ya gyara zama, ya fito da ma'auni ya ɗora a cinya. Madam ta ɗauko wata baƙar kwalba, ta ɗiga wani ruwa mai duhu cikin kofin ruwa, ya koma kalar shayin da ba madara. Ta tsoma buroshi ta fara shafa wa tukunya ciki da waje.

Kawu ya ɗaga hannu kamar ɗan firamare. "Hajiya, a gafarce ni. Yaushe za a kawo azurfar?"

"Ga shi nan, Baba."

"Wannan ai rubutu ne. Ko jiƙon sassaƙe."

Aka kwashe da dariya, ni kuwa na ji kamar in nutse. Madam ba ta ji haushi ba. Da ta ji sana'arsa sai ta ajiye buroshin ta zo ta zauna kusa da shi. Ta ce in aka tsaga gashin kai ɗaya gida dubu, to kaurin tsagi ɗaya shi ne kusan girman ƙwayar azurfar da ke yawo cikin ruwan nan, shi ya sa ba ta nutsewa kuma ba ta ƙyalli. Sannan ta tambaye shi, "Baba, in ka goge azurfa da magagari, da garin da ya zuba da awarwaron, wanne ke riga yin baƙi?"

"Garin mana. Kwana kaɗan ya dushe."

"Me ya sa?"

"Don ko'ina nasa a buɗe yake. Awarwaro bayansa kaɗai iska ke taɓawa."

Madam ta tafa hannu ta juyo gare mu. Ta ce abin da ta yi niyyar kwashe awa guda tana zana mana a allo ke nan. Iyakar ƙanƙantar azurfa, iyakar yawan jikinta da ke taɓa ruwa, kuma ta nan take sakin wani sinadarinta a hankali a hankali. In ƙwayar cuta ta zo wucewa, ƙananan azurfar nan sai su manne a fatarta su huda ta, abin cikinta ya fara yoyo. Wasu su kutsa ciki. Ta sake juyawa ga Kawu ta ce, "Me azurfa ya fi ƙi?" Ita ma azurfar an mai da ita namiji.

"Farar wuta," in ji Kawu ba tare da ya yi tunani ba. "Da gwaiduwar ƙwai. Mace ta ci ƙwai da zobe a hannu, gobe ta zo tana cewa na sayar mata da jabu."

Madam ta ce to ba ƙi ba ne, so ne ya yi yawa. Azurfa in ta ga farar wuta sai ta cafke ta ba saki, baƙin da ake gani ke nan. Su kuma ƙwayoyin cuta, kayan aikin da suke numfashi da narka abinci da su akwai farar wuta a jikinsu. Azurfa na shiga sai ta cafke waɗannan, numfashi ya tsaya, ta kuma dagula musu abin da suke hayayyafa da shi. Ga huji a fata, ga shaƙewa, ga hana haihuwa, duk a lokaci ɗaya, shi ya sa da wuya su samu hanyar tsira. Ta ja mana kunne kuma: ba a shan ruwan kwalbar, ba a shafa wa yara, ba a zubar da ragowarsa a kwata ko kududdufi, don ba ta tambayar ƙwaya ko ta kirki ce ko muguwa kafin ta kashe, har kifi tana taɓawa.

Wallahi na ji kishi. Ni mai takardar shaida ina ta rubutu ina gumi, tsoho da bai taɓa leƙa madubin likita ba yana ba da amsa yana tauna goro.

Washegari muka shuka ƙwayoyin ruwan rijiya a faranti irin namu na aiki, muka ɗiga ruwan azurfar a tsakiya. Da muka buɗe bayan kwana ɗaya, farantin ya cika da tsiro, sai kewayen ɗigon nan fes, kamar an share da tsintsiya. Na kai wa Kawu har hancinsa ina murna. Ya duba da kyau ya ce, "Na yarda tana kisa. Ban yarda azurfa ce ba. Ai guba ma tana kisa." A kan wannan ya tsaya har muka gama kwana takwas ɗinmu.

Ranar dawowa Madam ta ba ni tukunya ɗaya gamammiya, da kwalba ɗaya ta ruwan azurfa mai kauri wadda za ta shafe tukwane masu yawa. Ta ce in kiyaye ta daga rana. Na naɗe ta da baƙar leda, na ƙara naɗewa da tsohon rawanin Kawu, na rungume a cinya. Tukunyar kuwa 'yan kamasho suka rantse mini za su ɗora ta can sama ita kaɗai.

A iyakar shiga Burkina aka ce a sauke kaya duka. A nan na ga ashe buhun doya uku aka ɗora wa tukunyata. Da na buɗe kwalin, sai tsingaro, ko babban ɓari guda babu. Na zauna a kan wani dutse na yi jugum. Daga baya na lallashi kaina cewa yumɓu da ƙaiƙayi ba su gagari Kano ba, na kuma koyi haɗin. Abin da ba zan samu a gida ba shi ne na cinyata. Ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas tun a hanya, damina ta ƙarato.

Sai ga jami'in da ke duba kaya ya iso kaina, dogo siriri, fuska ba wasa. Ya nuna ƙunshin ya yi magana da Faransanci. Na kwance rawani, na kwance leda, na miƙa masa kwalbar da takardar Madam. Takardar da Turancin Ingilishi take, ya juya ta ya mayar mini. Ya sake tambaya. To, a wurin koyo akwai wata 'yar Burkina da ta gaya mini sunan azurfa da Faransanci, na kuwa haddace don irin wannan rana. Na yi murmushi na ce, "Arjan."

Fuskarsa ta ƙara ɗaurewa. Na ɗauka bai ji ba ne. Na nuna kwalbar, na nuna shi don ya buɗe ya gani, na ƙara faɗaɗa murmushi na ce, "Arjan, arjan."

Mutumin nan ya daka mini tsawar da sai da kowa ya waiwayo. Wata fasinjarmu, Hajiya Rabi mai fataucin goro 'yar Maraɗi, ta taso da sauri ta riƙe mini hannu. "Ke ɗiyar nan, kin san mi kika ce? Kalmar nan azurhwa ce, amma kuma ita ce kuɗi. Kin tsaya gaban jama'a kina yi mai murmushi kina cewa kuɗi, kuɗi. Cin hanci yake gani kina ba shi!"

Innalillahi! Ni da ko a layin asibiti ban taɓa karɓar goron kowa ba. Hajiya Rabi ta yi ta ba shi haƙuri tana fassara. Ya ɗan sauko, amma ya buɗe kwalbar ya leƙa ya ce, in azurfa ce, ina azurfar? Fasinjoji suka kewaye mu kowa na ba da fatawa, wani ya ce rubutu ne, wani ya ce maganin basir ne a ba shi ya ɗanɗana. Sai na ji muryar Kawu a bayana yana cewa, "Ni ma tambayar da nake yi ke nan kwana takwas." Allah ya sa Hajiya Rabi ba ta fassara wannan ba.

Jami'in ya yanke hukunci, kuma ban ga laifinsa ba: ruwan da ba a san ko mene ne ba, ba zai wuce ba. Za a ajiye a aika babban birni a gwada, in dawo bayan wasu makonni. Ya ɗora kwalbar a kan teburinsa, cikin rana tsaka. Direba ya fara danna oda. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na juya ga Kawu na ce, "Kawu, kai ka ɗauki Ummi a kafaɗa ranar da aka sa mata ruwa a ka. Ka ga yadda wuyanta ya langaɓe. In na koma hannu rabbana, me zan sa a randar Inna?"

Kawu ya daina tauna goro. Sannan ya ce wa Hajiya Rabi, "Gaya masa ni maƙeri ne. Ya ba ni cokali ɗaya na ruwan nan. In akwai azurfa ciki, ko tana ƙarƙashin ƙasa ta bakwai zan fito da ita. In babu, ya riƙe kwalbar, ni ma na huta."

Ni kaina ban taɓa ganin an yi haka ba. Jami'in ya ɗaga kafaɗa ya ce a gwada.

Akwai mai shayi a gindin wata bishiya. Kawu ya ari cokalinsa da fitilarsa ta aci-balbal da gawayi guda mai faɗi. Ya cika cokalin, ya riƙe a kan garwashi har ruwan ya ƙone ya bar wani baƙin ɓawo. Ya kankare shi tsaf, ya rarake ɗan rami a jikin gawayin ya zuba. Ya tsuguna, gwiwar da ke ciwo ko ƙara ba ta yi ba, ya sa bututu a baki ya karkato harshen fitilar kan ramin. Kumatunsa suka kumbura. Ya yi ta hurawa ba ya ɗagowa, gumi na ɗiga daga gemunsa. Direba ya gaji da oda ya zo ya tsaya kallo. Ni dai ba abin da nake gani sai baƙin toka tana ja, ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Can sai baƙin nan ya motsa, ya tattaru, ya dunƙule. Wani ɗan abu ya juya cikin ramin ya yi wal. Bai fi ƙwayar gero ba.

Kawu ya ɗauke shi da hantsaki ya tsoma a ruwa, ya goga masa magagari sau ɗaya, ya ɗora a tafin hannun jami'in. Fari tas. Mutumin ya kai kusa da idonsa, ya dubi kwalba, ya dube ni, sai ya fashe da dariya ya ce, "Arjan!" Wuri ya kaure da shewa. Da hannunsa ya naɗe mini kwalbar cikin rawani. Ya tambayi Hajiya Rabi inda ake samun irin tukunyar, don shi ma yana da ƙanana a gida, na kwatanta masa rumfar Madam. Ɗan ƙwayar azurfar ma bai riƙe ba, ya mayar wa Kawu da yatsa biyu, wai kada a ce ya karɓi arjan.

Muka kama hanya har muka kusa Wagadugu. Sannan Kawu ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Shekara arba'in ina dukanta ina narka ta, ban san tana da wani aiki bayan ado ba."

Da muka iso gida na nemi wata mai ginin tukwane a bayan gari. Tukunyar farko ta zubar da ruwa kamar kwando, ta biyu ta riƙe shi ƙam ko ɗigo. Sai a ta biyar muka dace. Na shafe ta, na tace ruwan 'yan garuwa, na shuka a faranti a wurin aiki, ya fito fes. Saura babban aiki, wato Inna.

Na tafi da Kawu. Inna ta zagaya tukunyar tana taɓe baki, ta ce ita ba za a ɗora wa randar Iya hular Gana ba, kuma wa ya san abin da aka shafa mata. Na buɗe baki zan fara bayanin fata da numfashi, Kawu ya ɗaga mini hannu. Ya kwance bakin aljihunsa ya ɗora mata ɗan ƙwayar nan a hannu. "Yaya, azurfa ce. Ni na fito da ita daga ruwan da bakina. Kin san ba na yi wa azurfa ƙarya."

Inna ta daɗe tana juya ta da ɗan yatsa. Sannan ta ce, "Sule, ka manta da dalar Iya?"

Ba ta jira amsarsa ba ta ci gaba.

"Tsohon kuɗin azurfar nan da ke kwance a gindin randar nan tun muna yara. In an wanke randa a mayar da shi, Iya ta ce yana gyara ruwa. Da za a yi mini aure aka rasa abin sa mini a hannu, kai kana koyon ƙira, aka ciro aka ba ka." Ta ɗaga hannunta, ga siririn awarwaron da na sani tun ina goye. "Kai ka narka ta. Tun ranar randar nan take zaune ba azurfa."

Ni na san dala guda a gindin randa ba za ta yi aikin da tukunyar nan ke yi ba, ko kusa. Amma Allah ya ba ni basirar rufe bakina. Inna ta buɗe randa ta jefa ɗan ƙwayar ciki, ta ce, "Koma gidanku." Sannan ta ɗauki tukunyar da kanta ta zaunar a bakin randar, ta zauna daram kamar don ita aka gina. Ta dube ni ta ce, "Ƙasa uku kika ƙetare don ki koyo abin da uwata ta sani ba ta je ko Bichi ba." Na ce, "Haka ne, Inna."

Damina ta zo ta yi abinta, kun ga yadda kwatocin Gyaɗi-Gyaɗi suka cika suka shiga rijiyoyi. Kullum in na ji an turo ƙofar ɗakin gwaji da gaggawa sai in ɗago in duba ko Ummi aka kawo. Makon jiya, bayan ruwa ya ɗauke, likita ya tsaya a bakin ƙofata yana duba wata takarda, ya ce, "Af, Hajara, ina 'yar nan taki? Bana ban gan ta ba." Na ce tana gida tana ɓarna. Da ya wuce na kifa kaina a jikin madubi na yi kuka mai isata, har sai da na goge gilashin kafin in ci gaba da aiki.

To, masu zare, ga tsarabarku. Ku je gidan Inna da rana tsaka ku ce kuna jin ƙishirwa. Za ta ba ku moɗa mai sanyi, ta kuma gaya muku cewa uwarta ce ta koya wa mutanen Gana. Kada wadda ta musa mata. Ke kuma Maman Sadiƙ, yarinyar da ta fasa miki kwalbar turare ranar Asabar ta ruga kika bi ta har bakin lungu ba ki kamo ta ba, ita ce dai Ummin da aka rasa jijiya a hannunta bara.